Jegon Ƙoramarmu

A garinmu ƙorama ma jego take yi. In na faɗi haka a Gusau dariya ake yi mini, shi ya sa na daina faɗa a gidan biki. Amma gaskiya ce, kuma mai sa ta jegon gwaggona ce, yayar mahaifina.

Garin namu ɗan ƙauye ne a bayan Wanke. Ƙoramar daga duwatsun wajen Tsafe take gangarowa, ta ratsa wasu ƙauyuka kafin ta iso mu, ta wuce ta faɗa gulbin da ke bi ta Gusau ya nufi Bungudu. Ba wata babba ba ce. Da rani da ƙafa ake ratsa ta, yashi ne fari fat, sai dai a ƙarƙashin yashin nan ruwan garin yake kwance. Mata su tona rami iya gwiwar hannu, su jira ya taru, su kwashe da ƙoƙo. Shi muka sha, da shi aka yi mana wanka, da shi aka wanke iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya.

Gwaggo ungozoma ce. 'Yar guntuwa, busasshiya, amma muryarta tana tsallake katanga uku ba ta gaji ba. Duk wanda ka gani a garin da furfura ba ta gama cinye kansa ba, ita ta yanke masa cibi, kuma ba ta bari ya manta. Ko mai gari ne ya ɗaga mata murya sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni nif fara ganinka duniya, ko wando ba ka da shi." Mahaifina kuwa, da gemunsa fari da jikokinsa, har yau Auta take kiransa, shi kuma ya amsa. Ni wurinta aka kai ni yaye na ƙi komawa ɗakin uwata, don haka duk tsiwar da ke bakina kowa ya san inda na ɗebo ta.

Al'adar ga yadda take. Idan damina ta yi tsakiya malka ta sauka, wato ruwan nan da yakan kwana ya wuni yana zuba a hankali, akwai ranar da ƙorama takan cika ta fi ƙarfin bakinta, ta malala cikin fadama ta bar laka mai taushi. Sau ɗaya take yin haka a shekara. Da ruwan ya ja, Gwaggo za ta ɗauki sandarta ta gangara, ta duba gaɓa, ta hauro ta ce, "Ta haihu." Daga ranar ƙorama ta shiga jego sai ta yi arba'in. Gwaggo ta kawo igiyar rama ta ɗaure daga kanyar da ke bakin gangare zuwa wani itacen faru, ta tare hanya. Muddin igiyar nan tana ɗaure, ba mai yankan ciyawar gaɓa, ba mai haƙar ƙasar tubali, ba mai ɗibar yashi, shanu kuma ba sa sauka sai ta mashaya guda da aka shimfiɗa wa duwatsu. Ruwan sha kam ana ɗiba ta wata 'yar hanya, don ko mai jego ai tana shayarwa.

In wani ya yi ƙorafi, amsarta ɗaya ce. "Jikinta ɗanye na. Ka taɓa ganin an sa mai jego daka?" Muna yara mun ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Sai da na girma na gane maganar. Bayan ambaliya gaɓar tana da laushi, abin da ke riƙe ta jema ce, ciyawar nan mai dogayen saiwoyi da ake rufin ɗaki da saƙar asabari da ita. In an bar ta ta kama sabuwar laka ta zubar da iri, gaɓa ta tsaya. In gaɓa ta tsaya yashi ya zauna, in yashi ya zauna akwai ruwan sha har bazara.

Kuma ba hani kaɗai ba ne jegon, har da gashi. Akan sa ranar gayya, maza su kwaso duwatsu da ƙaya su cike ƙananan kwazazzaban da ruwa ya fara yankawa, mata su tsattsaga gindin jema su daddasa inda ya yi sanƙo. Gwaggo tana tafe tana duba aiki tana faɗa, wai ana gasa wa mai jego ƙugu. A dama kunun kanwa tukunya guda a sha a bakin gaɓa, mai jegon dai ba ta samun ko ludayi. Liman bai taɓa yarda ya furta kalmar jego ba. In zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a sai ya yi gyaran murya ya ce an sa dokar gaɓa, alhali matarsa ce ke riƙe da muciyar kunun. Rugar Fulanin da ke kusa da mu ma nono suke aikowa ranar, kuma ko a shekarun nan da zama ya yi tsami a wurare da yawa, ban taɓa jin saniyarsu ta tsallake igiyar ba.

Ranar da arba'in ta cika Gwaggo ta kwance igiyarta. A lokacin damina ta riga ta tattara kayanta, jema ta zubar da iri, kowa ya shiga da laujensa. Haka ta gada wurin kakarta, haka ta yi shekara da shekaru, lissafin bai taɓa ba ta kunya ba.

Ban san ranar da damina ta fara canja hali ba, don ba sallama ta yi ba. Lokacin na yi aure ina Gusau, a Damba, ina ɗinkina, labarin gida a bakin masu zuwa kasuwa nake ji. Wata shekara ruwa ya makara. Wata shekara ya zo da wuri ya ɗauke, shuka ta ƙone a sake wata. Malkar da muka sani mai haƙuri ta koma ruwan fushi, ya zo cikin ɗan lokaci ya juye abin da ya kamata ya yi mako yana zubarwa. Tsofaffi suna ta cewa ba su taɓa gani ba, har maganar ta zama kamar gaisuwa.

A shekarar da nake ba da labari, ƙorama ta cika tun gero bai kai gwiwa ba. Gwaggo ta gangara ta duba, ta daɗe a tsaye, ta hauro ta ce bakwaini aka haifa, amma haihuwa dai haihuwa ce. Ta ɗaure igiya. Ana ɗaurewa sama ta rufe bakinta. Rana ta buɗe, gero ya nannaɗe ganye, ciyawar daji ta bushe tsakiyar damina. Wuri ɗaya ne ya rage kore shar a faɗin garin, shi ne gaɓar ƙorama, ga shi kuma a bayan igiya. Awaki suna kuka a turke, shanu suna wucewa suna waiwaye.

Ba wanda ya tilasta mata. Mutanenmu ba sa yin haka. Gaisuwa ce dai ta yi yawa. Wanda rabonsa da ƙofarta tun sallah sai ga shi da sassafe, ina kwana Gwaggo, ya ƙarfin jiki, ya kuma mai jego, ta kusa fita ko? Ita kuma kullum sai ta gangara ta dubi jemar, ta ga ko kai ba ta fitar ba balle iri. Ranta bai kwanta ba. Amma arba'in ta cika, kuma tun zamanin kakarta ba a taɓa ƙara wa jego ko kwana ɗaya ba. Ta kwance. Kafin mako ya zagayo an aske gaɓar tas kamar kan jariri ran suna, shanu sun tattake abin da ya rage, masu tubali sun buɗe ramukansu.

Ruwan da ya yi ɓarnar ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. Can kan duwatsun wajen Tsafe ya zuba. Bayan la'asar ne, rana tana nan tarwai, Baba yana cikin fadamarsa yana gyaran rake sai ya ji ruri daga sama kamar an jero motocin yashi. Allah ya sa ya hau tudu. Ruwa ya iso ja wur, da itatuwa da buhuna da duk abin da ya tsinto a hanya, ya tarar da gaɓa tsirara ba abin da zai riƙe ta. Baba yana tsaye yana kallo fadamarsa ta dinga gutsurewa tana faɗawa, raken, gwaibobin, har ɗan kewayen da yake shuka albasa da rani. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi. Amma gonar da ya gada wurin ubansu ta tafi, kuma ruwan ya kwashe yashin ƙoramar har dutse ya bayyana a wasu wurare.

Wata tsohuwa ce ta ce ai ƙorama kwanika ta yi, wato ta sake haihuwa tun ba ta yaye na fari ba. Maganar ta zagaya gari ana dariya, don mutanenmu ko a gidan makoki sai sun sami abin dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Da rani ya zo mata suka tona yashi har ƙugu suna samun taɓo, wasu sai sun yi tafiya mai nisa da jarka a kai. In Gwaggo ta doso wurin sai hira ta mutu, a shiga yi mata sannu da murya mai taushi. Baba kuwa cewa ya yi Allah ne ya kawo, bai ƙara ta da zancen ba. Ni na san halinta, da zaginta aka yi da ta ji sauƙi, don ta iya ramuwa. Wannan lallaɓawar ce ta karya ta. Ta daina bin hanyar ƙorama, ta daina ko duban gefen da fadamar take, ta daina tuna wa kowa wanda ya yanke masa cibi.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa, ina kan keken ɗinki sai na ji sallamarta. Ga ta da ƙullin kaya a kai.

"Gwiwa ta matsa min, ɗiyata," ta ce. "Asibiti niz zo."

Na kai ta. Likita ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce tsufa ne. Ƙwayoyi suka ƙare, Gwaggo ba ta ce za ta koma ba, ni ma ban tambaya ba.

Zamanta a Damba sai wanda ya gani. Ba abin da ya yi mata daidai. Tuwona ya yi ruwa, tsintsiyata ta yi gajarta, 'ya'yana ba su iya durƙuso ba. In mai ɗinki ta zo gwada riga sai ta leƙo ta ce, "Wagga ta mutum ta, ko ta muciya?" Na yi asarar masu kawo ɗinki biyu ko uku a kan bakinta, wasu kuma don ita suke zuwa. Ranar da mai garuwa ya turo kurarsa ya juye mana jarkoki a randa, ta bi shi da ido har ya fita.

"Wanga ruwa daga ina shi ke?"

"Rijiyar burtsatse ce, Gwaggo, can bayan layi."

"Wa ka kula da ita?"

"Mai ita mana."

Ta ce, "Ruwa na da mai shi?" Ta daɗe tana girgiza kai, kuma daga ranar da rabin buta take alwala.

Gaskiya ni daɗin zaman nake ji. Ina ɗinki tana gefe tana tsintar wake, muna faɗa muna shiryawa kamar da. Na so ƙwarai ta zauna ke nan. Ta tsufa, hanyar gida ba kullum take da lafiya ba, kuma ina jin haushin garin gaba ɗaya, har da ƙoramar. Mace ta yi musu hidima tun ba a haife ni ba, shekara ɗaya sama ta yaudare ta, shi ke nan ta koma abar tausayi. Na ce a raina su je su nemi wata ungozomar.

Sai dai in ruwa ya sauko ina lura da ita. Takan juya wa ƙofa baya kamar ba ruwanta, can kuma sai ta ce, "Wanga hadari ta wane gefe yat taso?" In na ce ta gabas, wajen Tsafe, sai hannunta ya tsaya cikin waken. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta wa zai ɗaure igiya bana.

"Ba ni ba," ta ce. "Ni nik kwance ta bara, da hannun ga. Raina bai so ba, nik kwance. Auta na tsaye gonatai tat tahi. Da wane ido za ni cewa mutane ku bari ko ku shiga?"

Na ce ai kowa ya san ba laifinta ba ne. Ta ce in ba zan iya tsintar wake ba in tashi in ba ta wuri.

Damina ta yi tsakiya, aka kwana biyu ana ruwa. Ran nan da hantsi sai ga Baba, ya biyo motar kasuwa, da ɗanyar masara a buhu. Baba mutum ne mai shiru, in ya yi magana goma a wuni to an yi baƙi. Amma ranar ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa kamar mai shirin tatsuniya.

"Yaya, ya gwiwa?"

"Tana nan."

"To madalla. Ki yi zamanki ki huta. Mu can mun gama komi. Ƙorama ta haihu, mata sun ɗaure."

Gwaggo ta jawo faifan wakenta.

"Rama ce ba mu samu ba," ya ci gaba, "sai munka sa igiyar leda, irin ta shanya. Kanya kuma ta yi muna nisa, sai anka ɗaura ga gwanda."

"Ga gwanda," in ji Gwaggo.

"Awo. Kunu ma an dama, ba kanwa dai, sukari anka zuba. Jema ko an dasa ta da yawa. Wasu na ce saiwar ta ka kallon sama, ni dai ban duba ba."

Na ga jijiyar wuyanta ta motsa. Amma ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce Allah shi ba da sa'a.

Da ya tashi tafiya na raka shi bakin titi. Na ce, "Baba, gwandar wa ce a bakin ƙorama? Ni tun tasowata ban san da gwanda a wurin ba."

"Ke dai ki yi shiru," ya ce, yana duban wani wuri.

Raina ya ɓaci, na faɗa masa abin da ke cikina, da ladabi dai amma na faɗa. Na ce tsohuwar nan ta sami hutu, tana ci tana sha, me za a koma da ita ta yi? Ya saurare ni har na gama.

"Kina riƙonta da kyau, Allah shi yi maki albarka," ya ce. "Amma in Yaya ta mutu nan da wanga abu cikin ranta, ni da ke za mu ɗauke shi har mu bi ta."

Ya hau mota ya tafi.

Washegari ina fitowa na tarar da ita a tsakar gida, ta yafa mayafi, sanda a hannu.

"Ba komawa za ni yi ba," ta ce tun ban tambaya ba. "Zuwa za ni in ga wagga gwanda in dawo. Kayana na nan ɗaki."

Na rufe keke na bi ta. Muka shiga mota zuwa Wanke, daga nan muka hau babur, da rana tsaka kamar yadda kowa ke yi yanzu. Duk hanya tana ƙunƙuni, igiyar leda, sukari, mutanen da ta yanke wa cibi da hannunta. Da muka isa ko gida ba ta shiga ba, ko ruwa ba ta sha ba, ta miƙe gangaren da ta yi watanni ba ta taka ba. Ina biye da ita da kyar.

Igiyar rama ce, sabuwa, an murza ta da kyau. Daga kanya take zuwa faru, a miƙe ƙyam. An cike kwazazzabai da duwatsu, an dasa jema layi-layi, kowace saiwarta a ƙasa yadda Allah ya yi ta. Gwaggo ta bi aikin da ido tana neman aibu. Ta taɓa nan, ta zungura can da sanda. Ba ta samu ba. Mutane kuma suka fara taruwa, kowa yana yi kamar hanya ce ta biyo da shi, har Baba ya iso yana saɓe da fartanya.

"Auta, ina gwandar?"

"Awaki sun cinye ta, Yaya."

Aka yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba. Na dubi fuskarta na ga abin da ban zata ba. Na ɗauka za ta ji daɗi, ashe ciwo ta ji. Ta zo da shirin faɗa, ta tarar ba a bukatar faɗan.

"Ashe kun iya," ta ce a hankali. "To mi niz zo yi?" Ta juya za ta hau.

"Ba ki duba igiyar da kyau ba," in ji Baba.

Sai a lokacin ni ma na lura. A jikin igiyar an ɗaɗɗaura ƙulle-ƙulle, wani da ƙyalle, wani da guntuwar igiya, jere daga wannan gefe zuwa wancan. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna mata. Wannan na matan da ke tonon ruwa ne, bakin zane suka yaga. Wannan na masu yankan jema. Wannan na masu tubali. Wannan igiyar ɗaure maraƙi ce, daga ruga. Farin nan gefen rawanin liman ne, ya ce a shaida shi doka ya ɗaure, ba jego ba. Shuɗin kuma daga wani ƙauye na sama aka aiko shi, can wajen Tsafe. Sun yi alkawarin duk ranar da ruwa ya zuba a kan duwatsunsu za su bugo waya, kuma ba za su aiko a kwance nasu ba sai samansu ta washe. Mu ma an aika da namu ƙyallen ga na ƙasa da mu, masu bin ruwan har wajen Bungudu. An daina ƙirga kwana. Kowa zai kwance nasa ranar da ransa ya kwanta, igiya kuma ba ta sauka sai ba sauran ƙulli a jikinta.

Daga baya na ga tsarin ba sauƙi gare shi ba. Masu tubali kullum su ne farkon kwancewa, mata su ne masu jan rai, kuma akan yi cacar baki a ƙofar masallaci har sai liman ya tsawatar. Amma a ranar ban san wannan ba, kallon ƙyallayen kawai nake suna kaɗawa.

"Wa yak kawo wagga dabara?" in ji Gwaggo.

"Zama munka yi, bayan kin tahi," Baba ya ce. Ya sauke fartanyar ya dogara da ita. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana a gaban jama'a ba sai ranar. "Yaya, bara kowa nan ya so a kwance. Ni kaina sau nawa niz zo gaishe ki da sahe? Kin san ba gaisuwa tak kawo ni ba, awakina ka kuka. Munka tura ki gaba ke ɗai da igiya. Da abu yaɓ ɓaci munka koma muna yi maki sannu, kamar ba mu muka riƙa lauje ba. Wanga kaya ya hi ƙarhin mutum guda, ko da can. Sama ce dai ta rufa muna asiri."

Matar liman ta sunkuyar da kai, wani dattijo daga cikin masu yankan jema ya ce, "Gaskiya ta." Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da guntuwar rama, ya nuna mata tsakiyar igiyar, inda aka bar fili ba a ɗaura komai ba.

"Ga wurinki nan mun bar maki."

Ba ta karɓa ba. "In nis sake kuskure fa?"

"Sai mu yi shi tare. Mu kwasa dut mu tahi Damba, da shanu da awaki da liman, in ga inda ɗiyarki za ta aje mu."

Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi duk da hawayen da ke idona. Gwaggo kuwa sai ta ɗaga kai ta dubi ƙetare, inda fadamar Baba take a da. Tun ranar ambaliyar ba ta yarda ta kalli wurin ba. Ba komai yanzu sai gaɓa ja a tsaye da tarin tsakuwa a ƙasa, da 'yan layukan jema da aka dasa a bakin abin da ya saura. Ta daɗe tana kallo. Matar da ta ga haihuwa da mutuwa iri-iri ban taɓa ganin hawayenta ba, ranar ta yi kuka a gaban kowa, ba ta ko rufe fuska ba, ba kuma wanda ya ce mata ta yi haƙuri.

Da ta gama ta share ido da bakin mayafi, ta karɓi ramar. Ba ta nufi filin da aka bar mata ba.

"Auta, wane na naka?"

Ya nuna wani ƙulli can gefe, kusa da faru, na tsohuwar igiyar guga. Ta taka ta je, ta naɗa ramarta a kan nasa, ta zagaya ta sake zagayawa, ta ja da iyakar ƙarfinta har ƙullin biyu suka zama ɗaya.

"To," ta ce. "Ran da kat tashi kwancewa, dole ka zo ka same ni."

Baba ya dubi ƙullin. Da kyar ya ce, "To, Yaya."

Ni kaɗai na koma Gusau da yammacin nan, don a riga duhu. A mota na kasa riƙe kaina, ina murna ina kuma jin kamar an yi mini fashi. Matar da ke kusa da ni, da kwandon kaji a cinya, ta yi ta satar kallona, can ta taɓa ni ta ce, "Baiwar Allah, rasuwa aka yi?"

Na ce a'a, tsohuwata na mayar gida.